YADDA MAGANI KE SHIGA JIKI TA FATA

In aka tambayi mutum ta ina magani ke shiga jikin ɗan'adam, da wuya ya faɗi abin da ya wuce hanya biyu, watau baki da allura. Ko dai a sha, ko a tsira. Amma akwai hanya ta uku wadda kusan kowa ke bi kullum ba tare da ya lura ba, ita ce fata. Hausawa sun ce, ido wa ka raina? Ya ce, wanda nake gani kullum. To, haka muka yi wa fata. Mun ɗauke ta tamkar buhu ne kawai da aka zuba nama da ƙashi a ciki, abin da aka shafa mata kuwa a waje yake tsayawa har a wanke.

Nufina a wannan maƙala shi ne in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu yadda magani ke ratsa fata har ya kai ga jini. Abin da ya sa na zaɓi wannan magana kuwa shi ne, ta shafe mu ƙwarai mu mutanen Jega da Aliero da Maiyama. Ƙasarmu ƙasar noma ce, kowace shekara ana feshin maganin ƙwari a gonakin albasa da tattasai da shinkafa da wake. Kasuwar Jega cike take da mayukan shafawa iri iri. Aliero kuma ta yi suna wajen ɗori, inda ake shafa magani a kan gaɓar da ta karye. Duk waɗannan sha'anin fata ne. Ƙofar da magani ke bi ya warkar da mutum, ita ce guba ke bi ta halaka shi, dokokin shiga kuwa iri ɗaya ne.

Ginin fata

Da za a shimfiɗa fatar baligi guda, faɗinta zai kai kusan murabba'in mita 2, watau kimanin tabarmar kwanan mutum ɗaya. Hawa uku gare ta. Na can ƙasa kitse ne, shi ke riƙe ɗumin jiki. Na tsakiya shi ne mai rai sosai, a nan ne ƙananan jijiyoyin jini suke, da jijiyoyin jin zafi da sanyi, da saiwar gashi, da matsattsar gumi. Na sama kuwa babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa. Shi ya sa in mutum ya ɗan kuje sama sama ba ya ganin jini.

A can bisa wannan hawa na sama akwai wani ɓawo siriri na matattun ƙwayoyin halitta, jere bisa jere, kamar hawa 15 zuwa 20. A yawancin jiki kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin 50 na milimita ba, ko silin gashi ya fi shi kauri. Amma duk da ƙanƙantarsa shi ne mai gadin jiki. Ɗan Aliero ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin ya san aikin busasshen ɓawon albasa. Albasar da ɓawonta ya bushe lafiya takan yi watanni a cikin rudu ba ta lalace ba, wadda aka sassaɓe kuwa ita ke fara ruɓewa, har ta shafi maƙwabtanta.

Masana sun kwatanta wannan ɓawo da ginin katanga. Matattun ƙwayoyin su ne tubala, abin da aka liƙe tsakaninsu da shi kuma, a maimakon kwaɓaɓɓiyar ƙasa, wani irin maiƙo ne. Wannan maiƙo shi ke hana ruwan jikinmu tsiyayewa a lokacin bazara, shi ke hana mu kumbura kamar soso in mun wuni muna iyo a gulbi. Kullum tubalan sama na zubewa, sababbi na tasowa daga ƙasa, cikin kimanin wata guda an sake katangar gaba ɗaya. Lalle ya ishe mu shaida. Wannan ɓawo yake rinawa, shi ya sa ya fi kamawa a tafin hannu da tafin ƙafa inda ɓawon ke da kauri, shi ya sa kuma yake gushewa bayan mako biyu ko uku sa'ad da ɓawon ya zube.

Wa mai gadi ke bari ya shige?

Magani ba ya bukatar a tura shi. In aka ɗiga tawada a ƙwaryar ruwa, da kanta za ta bar inda ta yi yawa ta bazu zuwa inda babu ita. Haka turaren wuta ke cika ɗaki. To, haka maganin da aka shafa ke yi. Ya yi yawa a waje, babu shi a ciki, sai ya riƙa tsarara sannu sannu. Mafi yawansa ta cikin maiƙon nan da ke tsakanin tubala yake bi, yana karkacewa kamar baƙon da ya shiga lungunan tsohon gari. Kaɗan kuma yakan bi ta ramin gashi da ƙofar gumi, sai dai waɗannan ramuka duka duka ba su wuce kimanin kashi ɗaya cikin 1,000 na faɗin fata ba. Da zarar ya ƙetare ɓawon ya isa hawan tsakiya, ƙananan jijiyoyi sai su kwashe shi, jini ya zaga da shi ko'ina, har zuciya da ƙoda da ƙwaƙwalwa.

Ba kowane abu ke iya wannan tafiya ba. Da fari, tilas ya zama ƙanƙani. Kowane magani haɗuwar wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, masana na auna nauyinsu da wani ma'auni da ake kira dalton. Ƙwayar ruwa dalton 18 ce, ta nikotin da ke cikin taba 162, ta asfirin 180. An lura cewa abin da ya haura dalton 500 da wuya ya ratsa lafiyayyar fata. Insulin da masu ciwon sukari ke amfani da ita ta kai wajen 5,800, saboda haka ko an wuni ana shafa ta ba za ta shiga ba, sai da allura.

Na biyu, tilas ya zama mai shiri da mai. Malaminmu na kimiyya ya taɓa sa mu ɗiga ruwa a bayan hannu ɗaya, man gyaɗa a ɗayan. Ruwan ya dunƙule ya gangare, man kuwa ya baje ya lafe. Tun da hanyar ta maiƙo ce, abin da ke narkewa cikin mai shi ke samun shiga. Amma kuma in ƙaunarsa da mai ta yi yawa, sai ya zauna cikin ɓawon ya ƙi gaba, domin can ciki ruwa ne. Wanda ke cin nasara shi ne mai ɗan shiri da kowane gefe. Abin baƙin ciki, yawancin magungunan ƙwari haka aka yi su, don su ratsa jikin ƙwaro, wanda shi ma maiƙo ne ya lulluɓe shi.

Abubuwan da ke ƙara buɗe ƙofar

Fata ba ɗaya ba ce a ko'ina. A 1971 wani likitan fata na Amurka mai suna Howard Maibach, shi da abokan aikinsa, sun auna yadda wani maganin ƙwari da ake kira faratiyon ke shiga ta wurare daban daban na jikin mutum. A damtsen ƙasa, watau tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, kimanin kashi 9 cikin 100 ya shiga. A tafin hannu kashi 12, a fatar kai kashi 32, a goshi kashi 36, a hammata kashi 64. A fatar al'aurar namiji kuwa kusan dukansa ya shige. Ke nan mai feshin da ya share gumin goshinsa da hannu, ko ya zaga bayan gona ya yi fitsari bai wanke hannu ba, ya ɗauki guba daga ƙaramar ƙofa ya kai ta babba.

Bayan wuri, sai zafi. In jiki ya ɗau zafi jijiyoyin fata kan buɗe, jini ya ƙaru, ya riƙa kwashe abin da ya shigo da sauri. Mu kuwa a watannin Maris da Afrilu zafinmu kan haura digiri 40. Sai laima. Fatar da ta jiƙe da gumi ko ruwa tubalanta kan kumbura, maiƙon ya saki. Sai rufi. In aka shafa abu aka ɗaure da leda, ko aka rufe da kunzugun jariri, ko takalmin roba, gumi ba ya fita, abin da ke shiga na iya ninkawa sau da yawa. Sai rauni. Ƙuna, ko gyambo, ko ƙuraje, ko fason da hunturu ke kawowa, duk ɓaraka ce a katanga, ɓarawo ba ya bukatar tsallake. Daga ƙarshe sai faɗin wurin da aka shafa, da daɗewar abin a jiki. Ina roƙon mai karatu ya riƙe waɗannan, domin za mu sake gamuwa da su a gona da ɗakin kwalliya.

Yadda likitoci suka ci moriyar wannan hanya

Maganin shafawa iri biyu ne. Akwai wanda ake so ya tsaya nan inda aka shafa, kamar na makero da ƙazuwa da kyasbi. Akwai kuma wanda ake so ya wuce ciki.

Man zafi da kakanninmu ke so a murza musu a gwiwa yana tsakani. Sanyin nan da ake ji, sa'an nan ɗumi ya biyo, aikin wani sinadari ne da ake samu daga na'ana'a, yana ruɗar jijiyoyin fata har su shagala da barin kai saƙon ciwo. Wasu mayukan kuma suna da wani ɗan'uwan asfirin a ciki, shi kuwa shiga jini yake yi. A 2007 wata yarinya 'yar tsere mai shekara 17 ta rasu a birnin New York saboda yawan shafa irin wannan. Amma in an bi ƙa'ida, shafawa na da fa'ida. Maganin ciwon gaɓoɓi da ake kira dikulofenak, in an shafa shi, abin da ke kaiwa jini kimanin kashi 6 ne kawai cikin 100 na abin da zai kai in an sha, saboda haka bai cika tayar da gyambon ciki ba kamar ƙwayar.

A nan ya kamata in taɓo ɗori. Man da mai ɗori ke shafawa na iya tausasa fata, ya rage raɗaɗi. Amma ƙashi na haɗuwa ne saboda an daidaita shi an hana shi motsi, jiki kuma ya yi nasa aikin. In karayar ta fasa fata har ana ganin nama ko ƙashi, katanga ta faɗi ke nan, duk abin da aka shafa, har da ƙwayoyin cuta, kai tsaye zai shiga. Irin wannan asibiti ya kamata a nufa da ita tun da wuri. Haka nan in yatsu suka kumbura, ko suka yi sanyi, ko suka mutu bayan an ɗaure, ɗaurin ya yi tsanani, kada a jira gobe.

Babbar dabarar da aka ƙago ita ce filastar magani. Tun da daɗewa an lura cewa ma'aikatan masana'antar nakiya kan yi fama da ciwon kai, musamman ran Litinin in sun dawo hutu, saboda sinadarin naitirogilisarin da suke shaƙa, yake kuma shiga ta hannuwansu yana buɗe jijiyoyin jini. Shi wannan sinadari kuwa maganin ciwon ƙirji ne ga masu ciwon zuciya. A 1979 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da filasta ta farko, ta maganin amai da jiri na tafiya, wadda ake liƙawa a bayan kunne ta yi kwana 3 tana aiki. A 1981 ta masu ciwon zuciya ta fito. A 1990 aka sami ta fentanil, maganin matsanancin ciwo irin na masu ciwon daji, a 1991 kuma ta nikotin don taimakon masu son barin taba. A 2001 aka amince da ta tazarar haihuwa.

Filastar ba ta fi kan sarki girma da yawa ba. Bayanta leda ce da ke hana magani fita waje, cikinta maganin ne a dame da wani abu mai sakinsa kaɗan kaɗan, gabanta kuma danƙo. Amfaninta uku ne. Maganin da aka sha sai ya bi ta ciki da hanji, sa'an nan jini ya kai shi hanta, ita kuwa hanta kamar shingen kwastan take, takan lalata kaso mai yawa kafin saura ya wuce. Wanda ya bi ta fata ya kauce wa wannan shinge. Na biyu, ƙwaya kan sa magani ya yi yawa a jini bayan an sha, sa'an nan ya ragu, amma filasta tana ba da shi daidai wa daida dare da rana. Na uku, tana amfanar mai amai da wanda ba ya iya haɗiya.

Sai mai karatu ya ce, to, me ya hana a mai da dukan magunguna filasta mu huta da ɗaci da allura? Dalili shi ne ƙofar ƙarama ce. Filastar nikotin mai ƙarfi miligiram 21 take bayarwa a yini guda. Ƙwayar farasitamol ɗaya kuwa miligiram 500 ce, baligi kan sha biyu a lokaci guda. Da za a yi filastarsa, sai dai a naɗe mutum da ita kamar zane. Saboda haka sai magani mai ƙarfin gaske, wanda kaɗan ke isa. Wannan kuma shi ne haɗarinta. Ba a yanka ta sai da izinin likita, ba a ɗora ruwan zafi a kanta, ba a liƙa sabuwa sai an cire tsohuwa. Wadda aka cire ma da sauran magani a ciki, a ninke ta a jefar inda yaro ba zai kai ba. Ko bayan an cire, abin da ya taru a fata kan ci gaba da shiga jini na wasu awoyi.

Mai feshi a gonar albasa

Yanzu mu koma fadama. Mu dubi saurayin da ya goya injin feshi da rana tsaka, daga shi sai 'yar shara da gajeren wando, ba takalmi. Ya dama maganin da hannu. Murfin injin na yoyo, rigarsa ta jiƙe a baya, injin kuma ya danne ta. Iska na kaɗo feshin a fuskarsa. Ƙafarsa da faso, yana taka jiƙaƙƙen ganye. Mu lissafa: ga zafi, ga gumi, ga rufi, ga rauni, ga faɗin wuri, ga daɗewa. Duk abin da na ambata a baya ya haɗu a kansa. Shi a ganinsa, tun da bai sha ba, ya kuma ɗaure hanci da ƙyalle, ya tsira. Alhali kuwa masana aikin gona sun tabbatar cewa mafi yawan abin da ke samun mai feshi ta fata yake samunsa.

Wasu daga cikin magungunan nan jijiyoyi suke kamawa. A jikinmu, duk sa'ad da jijiya ta kai saƙo ga tsoka, akwai wani sinadari da ke share saƙon nan da nan don tsokar ta huta. Gubar sai ta ɗaure wannan mai shara, saƙo ya yi ta taruwa. Daga nan sai gumi, da dalalar miyau, da hawaye, da ciwon kai, da amai, da zawo, tsoka ta riƙa rawa, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, numfashi ya yi wuya. Da yake ta fata abin ya bi, alamun kan jinkirta, wani sai ya koma gida da yamma za su bayyana, a ce zazzaɓi ne ko iska.

In haka ta faru, a tuɓe masa kayan nan da nan, a wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa har gashin kai da ƙarƙashin farce. Mai wankewar ma ya kāre hannunsa. Kada a ɗura masa madara ko manja. A garzaya da shi asibiti tare da kwalbar maganin, domin likita ya san irin gubar. Akwai allurar da ke karya wasu daga cikinsu in an zo da wuri.

Rigakafin kuwa ba shi da tsada kamar jinya: riga mai dogon hannu, dogon wando, hula, takalmin roba, da safar hannu ta roba mai kauri. Safar yadi ko ta fata tsotse maganin take yi ta riƙe shi a hannu, ta fi babu muni. A yi feshi da sassafe ko da la'asar, a ba iska baya. A dubi launin da ke gindin takardar kwalba, ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. A wanke kayan feshi daban, domin mai wanki ma fata gare ta. Abu guda kuma da nake roƙon iyayenmu mata: kada a sa fiya-fiya ko maganin gona a kan yaro don kashe ƙwarƙwata, kada kuma a jiƙa katifa da shi saboda kuɗin cizo a kwanta a kai. Mun dai ga yadda fatar kai take sha.

Man canza launi

Wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya na amfani da mayukan hasken fata. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana al'amarin a matsayin babbar barazana ga lafiyar ƙasa. Abubuwa uku aka fi samu a ciki. Akwai haidirokwinon, wanda in an daɗe ana shafawa yakan bar baƙin tabo a kumatu mai wuyar fita. Akwai zaiba, wadda ke taruwa a jiki ta lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma kaiwa ga ɗan da ke ciki da mai shan nono. Akwai kuma magungunan sitiroyid masu ƙarfi, waɗanda asalinsu likita ke rubutawa a shafa a ɗan wuri na 'yan kwanaki.

Ita mai bilicin duk jiki take shafawa, safe da dare, shekara da shekaru, cikin zafi. Sitiroyid kuwa sirantar da fata yake yi, saboda haka kullum ƙofar ƙara buɗewa take. Daga nan sai nankarwa, da jijiyoyi rangaɗau a waje, da makeron da ba ya jin magani, da rauni mai wuyar warkewa, har ɗinkin tiyata ya ƙi kamawa. Wanda ya shiga jini kuma na iya kawo hawan jini da ciwon sukari da kumburin fuska. Wadda ta daɗe a kai kada ta yanke rana ɗaya, ta ga likita ya janye ta a hankali, domin jikinta ya rage yin nasa sinadarin, yana dogara da na kwalba. Launin da ake ƙoƙarin kankarewa kuwa shi ne laimar da ke kāre mu daga ranar ƙasarmu.

Fatar jariri

In aka gwada da nauyinsa, faɗin fatar jariri ya ninka na baligi fiye da sau biyu, hantarsa da ƙodarsa kuma ba su ƙosa ba. Bakwaini ma ɓawon nasa bai gama ginuwa ba. A 1972 a ƙasar Faransa jarirai 36 suka mutu saboda hodar da aka zuba wa wani maganin kashe ƙwayoyin cuta da yawa bisa kuskure. Ba su sha ba, barbaɗa musu aka yi a ƙarƙashin kunzugu. Saboda haka man zafi, da mai kafur, da man da aka rubuta wa babba, da man hasken fata, duk ba na jariri ba ne. Cibiya kuwa buɗaɗɗiyar ƙofa ce, kada a sa mata toka ko man goge baki ko wani haɗi, sai maganin cibiya da ake bayarwa a asibiti. Shi ma a cibiya kaɗai, kada ya kusanci ido.

Abin da ke tafe

Masana ba su daina neman hanyar shigar da manyan magunguna ta fata ba. Sun ƙera wata filasta mai 'yan ƙananan ƙayoyi da ba su kai milimita ɗaya ba, suna huda ɓawon nan kawai su narke, ba su kai inda za a ji zafi sosai ba. An gwada rigakafin ƙyanda ta wannan hanya a kan yara a ƙasar Gambiya, aka buga sakamakon a 2024, ya nuna ta yi aiki kamar allura. In ta yaɗu, za ta sauƙaƙa kai rigakafi ƙauyukan da ke nesa da asibiti, kukan ranar allura ma ya ragu.

Kafin wannan lokaci, aikin da ke gabanmu mu 'yan makaranta a fili yake. Mu ne ke iya karanta takardar da ke jikin kwalba, yawancinta kuwa da Turanci aka rubuta. In mun je hutu, mu karanta wa na gida. Ba sai mun nuna mun fi su sani ba, cikin ladabi za mu ce, “Baba, ga abin da aka rubuta a jikin maganin nan, a bari in kawo ruwa da sabulu gona.” Ko kuwa, “Inna, wannan man na manya ne, kada a shafa wa jaririn.” Duk abin da za mu ɗora a fata, mu tambayi kanmu, shin mun yarda ya shiga jininmu? In ba mu yarda ba, to, kada mu bar shi ya kwana a jikinmu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.